DARASIN WANNAN WATA: HULƊAR ƘASA DA ƘASA

Mutanen Batsari da Safana ba baƙi ba ne a Jamhuriyar Nijar. Daga Batsari mutum zai ratsa ƙasar Jibiya ya isa bakin iyaka a Magama, daga nan sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Akwai auratayya, akwai cinikin hatsi da dabbobi, harshe kuma ɗaya ne. Amma a watan Agusta na 2023 sai aka wayi gari an rufe wannan hanya. Motocin kaya suka tsaya cik, ciniki ya yi sanyi, masu ziyarar dangi suka koma bin ɓarauniyar hanya. Hakimi bai ba da wannan umurni ba, gwamna ma bai bayar ba. Shawara ce da shugabannin ƙasashe suka yanke a Abuja.

Sanin yadda ake yanke irin wannan shawara ilmi ne mai zaman kansa. A jami'o'i da kwalejoji ana kiransa ilmin hulɗar ƙasa da ƙasa, kuma ana haɗa shi da tarihin jakadanci. Darasin wannan wata ya tattaro abubuwan da ɗalibi ke fara koya a wannan fanni, tare da misalai daga ƙasar Katsina. Ana son malamin aji ya karanta shi kashi-kashi, ɗalibai su tattauna kowane kashi kafin a wuce gaba.

MECE CE ƘASA?

A bakin jama'a kalmar ƙasa tana da ma'ana da yawa. Ana cewa ƙasar Ruma, ana cewa ƙasar Katsina, ana cewa ƙasar Hausa. Amma a wannan ilmi ba a kiran wuri ƙasa sai ya cika sharuɗɗa 4. Na farko, jama'a mazauna. Na biyu, yanki mai iyaka sananna. Na uku, gwamnati mai iko da yankin. Na huɗu, ikon yin hulɗa da sauran ƙasashe da sunan kanta. An rubuta waɗannan sharuɗɗa a wata yarjejeniya da aka ƙulla a birnin Montebidiyo na Kudancin Amurka a 1933.

Saboda haka Nijeriya ƙasa ce, Nijar ƙasa ce. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, tana da jama'a da yanki da gwamnati, amma ba ta da sharaɗi na huɗu. Tsarin mulkin 1999 ya bar harkokin waje da tsaro da shige da fice da kwastan a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai. Shi ya sa gwamna ba ya naɗa jakada, kuma ba ya buɗe iyaka ko rufe ta.

Kalma ta biyu ita ce ɗiyauci, wato ƙasa ta zama ita ke da maganar ƙarshe a cikin gidanta. Masana tarihi sukan danganta wannan ƙa'ida da sulhun Wasfaliya na 1648, wanda ya kawo ƙarshen yaƙin shekara 30 a Turai. A bisa ƙa'ida ƙasashe duk ɗaya suke, babba da ƙarama, kamar yadda maigida yake maigida ko gidansa na soro ne ko na danga. Sojan wata ƙasa ba ya tsallaka iyakar wata sai da izini, ko da ɓarawo yake kora.

MASLAHA DA ƘARFI

Kowace ƙasa tana da abin da take nema wa jama'arta: tsaro, abinci, ruwa, kasuwa da mutunci. Wannan shi ake kira maslahar ƙasa. Hanyoyin da gwamnati ke bi ta cim ma wannan maslaha a waje su ne manufofinta na harkokin waje. Abin da take da shi na tura wasu su yi abin da take so shi ne ƙarfinta. Ƙarfi ya haɗa da soja da dukiya da yawan jama'a, har da kwarjini da farin jini.

Masana sun kasu gida biyu a kan halin ƙasashe. Gida na farko na cewa duniya kamar daji ce da babu sarki, kowa tasa ta fisshe shi, saboda haka ƙarfi ne kaɗai abin dogara. Gida na biyu na cewa ciniki da yarjejeniya da ƙungiyoyi suna iya ɗaure ƙasashe har yaƙi ya zama asara ga kowa. Ɗalibi mai hankali yana auna kowane al'amari da ma'aunan biyu, domin tarihi ya ba kowane gida hujja.

JAKADANCI KAFIN ZUWAN TURAWA

Turawa ba su ne suka kawo jakadanci ƙasar Hausa ba. Kalmomin jakada da manzo da amana da ƙawance duk tsofaffi ne. Sarakuna suna aika wasiƙu da kyaututtuka, suna ƙulla aure don ƙarfafa zumunta, kuma an san ba a taɓa manzo ko da saƙonsa mai ɗaci ne.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804. A wajen 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Zuriyar sarakunan da aka kora suka yi arewa, daga baya suka kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗankasawa, suna ci gaba da kiran kansu Sarkin Katsina. Ke nan aka sami gwamnatoci biyu, kowace na cewa ita ce mai ƙasa.

Maraɗi ta ga ba za ta iya ita kaɗai ba, sai ta haɗa kai da Gobirawa da wasu Abzinawa. Wannan shi ake kira ƙawance, wato ƙasashe su haɗa ƙarfi saboda abokin gaba ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci wannan haɗaka da yaƙi a Gawakuke a 1836, amma gaba ba ta ƙare ba. Ƙasar Ruma, inda Batsari da Safana suke, ta zauna a tsakani. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku wasu garuruwan yankin suka karkata ga Maraɗi, aka yaƙe su, jama'a suka watse, daji ya rufe gonaki da yawa. Labarin jarumi Ɗanwaire da tsofaffin Ruma ke bayarwa ya fito ne daga wannan zamani na hare-hare. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bincike mai zurfi a kan tarihin Katsina na wannan lokaci. Abin lura shi ne, duk sa'ad da manya suka kasa daidaitawa, mazauna bakin iyaka ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu.

Akwai kuma jakadancin alƙalami. Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno sun yi musayar wasiƙu suna muhawara a kan halascin yaƙin da ke tsakaninsu, kuma Bello ya adana wasu daga ciki a littafinsa Infaƙul Maisuri. A 1824 Bello ya karɓi baƙuncin Kyaftin Kilafaton, manzon gwamnatin Ingila, a Sakkwato, suka tattauna batun ciniki.

YADDA AKA JA IYAKA

Daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 ƙasashen Turai suka yi taro a Balin ta Jamus, suka tsara ƙa'idojin mamaye Afirka. Ba a gayyaci sarkin Afirka ko ɗaya ba. Iyakar Nijeriya da Nijar kuwa an ja ta ne daga baya, a matakai 4, tsakanin Ingila da Faransa.

A 1890 suka ja layi a kan taswira daga garin Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, da sharaɗin duk abin da ke ƙarƙashin Sakkwato ya zama rabon Ingila. A 1898 suka sake, suka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. A wannan rabo Maraɗi ta faɗo ɓangaren Ingila. Sai Faransawa suka tarar hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram babu rijiyoyi, ayari ba ya iya bin ta. Suka nemi gyara.

A 1904 ƙasashen biyu suka yi babban sulhu a kan rigingimunsu na duniya baki ɗaya. Faransa ta haƙura da wani tsohon haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can kusa da Kanada. A madadin haka, cikin abubuwan da Ingila ta ba ta har da matsar da wannan iyaka kudu, aka kuma amince a bar mata mutanen Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Yarjejeniyar 1906 ta tabbatar da layin. Daga 1906 zuwa 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi shi a ƙasa suka kafa alamomi 148, aka sa hannu na ƙarshe a 1910.

Mai karatu ya duba da kyau. Kifin wani teku da Bakatsine bai taɓa gani ba yana cikin dalilan da suka sa Maraɗi take Nijar, Jibiya da Batsari suke Nijeriya. Wannan shi ake kira ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda a teburin shawara. Tsawon iyakar ya kai wajen kilomita 1,500.

BAYAN SAMUN 'YANCI

Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960. Ranar 7 ga Oktoba Nijeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin ƙasa ta 99, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a zaurenta. An kafa Majalisar a 1945 da ƙasashe 51 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya suka kai 193 a 2011. A babban zaure kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta. Amma a Kwamitin Sulhu mai kujeru 15, ƙasashe 5 suna da ikon hawa kujerar na-ƙi, su ne Amurka da Rasha da Sin da Ingila da Faransa. A nan ɗalibi zai ga ƙa'idar daidaito da gaskiyar ƙarfi suna zaune a gida ɗaya.

A 1963 aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa, wadda ta zama Tarayyar Afirka a 2002. A taron Alƙahira na 1964 shugabanni suka yarda a bar iyakoki yadda aka gada, duk da sanin cewa Turawa ne suka ja su. Dalilinsu shi ne, in aka ce kowa ya nemi ƙasar kakanninsa, yaƙi ba zai ƙare ba.

Maimakon rushe iyaka sai aka nemi sassauta ta. A 1971 Nijeriya da Nijar suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa mai hedikwata a Yamai. Ranar 28 ga Mayu 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas da ƙasashe 15. A 1979 ta amince ɗan ƙasa ɗaya ya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da takardar tafiya. A 1998 ta tsara takardar shaida ga makiyaya masu tsallaka iyaka da dabbobi.

Ruwa ma yana da yarjejeniya. Kogin Gada, wanda aka datse a Jibiya, shi ne ke shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sannan ya sake dawowa Nijeriya ya haɗu da Rima. Na sama in ya tare ruwa duka, na ƙasa ya shiga uku. Saboda haka a 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, har da wannan kogi.

JAKADA DA AIKINSA

Jakada wakilin shugaban ƙasarsa ne a wata ƙasa. Aikinsa ya haɗa da isar da saƙo, yin shawarwari, kare 'yan ƙasarsa, aika wa gwamnatinsa rahoto, da ƙarfafa zumunta. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta ba shi kariya. Ba a kama shi, ba a shiga ofishinsa sai da izininsa. In ya yi abin da bai dace ba, sai a ce ba a bukatarsa, ya tattara ya koma gida. Ƙaramin ofishin jakadanci kuma shi ke kula da fasfo da biza da taimakon matafiyin da ya shiga matsala.

Ƙasa tana nuna fushi mataki-mataki. Takan kira jakada ta yi masa ƙorafi. In abin ya yi tsanani ta janye nata jakadan. In ya wuce haka ta yanke hulɗa. A Janairun 1961 Nijeriya ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da Faransa ke yi a hamadar Sahara.

IDAN SAƁANI YA TASO

Hanyoyin warware saɓani 5 ne. Akwai tattaunawa ido da ido. Akwai shiga tsakani, kamar yadda Shugaba Diori Hamani ya karɓi zaman sulhun yaƙin basasar Nijeriya a Yamai a 1968. Akwai shari'a, kamar yadda Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakasi a 2002, Nijeriya ta kammala miƙa shi a 2008 ba tare da yaƙi ba. Akwai takunkumi, wato a matsa wa ƙasa ta hanyar ciniki da kuɗi. Na ƙarshe shi ne yaƙi.

Abin da ya faru a 2023 ya tattaro kusan dukkansu. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka sa wa Nijar takunkumi, suka kuma yi barazanar amfani da soja. Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar. ECOWAS ta kafa hujja da dokarta ta hana juyin mulki. Sojojin Nijar suka kafa hujja da ɗiyauci.

Majalisar Dattawan Nijeriya ta ba da shawarar a bi hanyar lalama. Aka tura Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Tawagar malaman addini ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau ita ma ta je Yamai ta gana da Janar Tchiani. Wannan ya nuna cewa sarakuna da malamai suna iya buɗe ƙofar da ta gagari jami'an gwamnati. Ba a yi yaƙi ba. A Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumi, a Maris Nijeriya ta ba da umurnin buɗe iyaka. Duk da haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025.

Wannan ba shi ne karo na farko da aka rufe iyakar ba. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an kuma rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Kowane karo gwamnati na da dalilinta, kuma kowane karo ɗan kasuwa da direba da ɗan dako na bakin iyaka sun ji a jikinsu. Tambayar da ɗalibi zai yi wa kowane takunkumi ita ce: wa aka nufa da shi, wa ya sha wahalarsa?

TSARO DA GUDUN HIJIRA

Dajin Rugu ya ratsa ƙasar Safana da Batsari, ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, kuma daga can hanya a buɗe take zuwa bakin iyaka. Ɗan bindiga ba ya neman biza, amma jami'in tsaro dole ya tsaya inda ikon ƙasarsa ya tsaya. Maganin wannan gibi shi ne haɗin gwiwa. A Satumbar 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka je Maraɗi suka gana da gwamnan jihar kan batun tsaro. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A shekarar 2019 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da 40,000 daga jihohin nan uku sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Doka ta bambanta mutum biyu. Wanda ya tsallaka iyaka don tsira da rai yana ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1951 da ta Afirka ta 1969, kuma haramun ne a tilasta masa komawa inda ransa ke cikin haɗari. Wanda ya baro ƙauyensa ya fake a cikin garin Batsari ko Dutsin-Ma bai bar ƙasarsa ba, don haka nauyinsa na kan gwamnatin Nijeriya, kamar yadda yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta tanada.

ABIN DA ZA A RIƘE

Mai tafiya Nijar ya riƙe takardar tafiya ingantacciya, ya kuma tambayi jami'an shige da fice ƙa'idar da ake bi kafin ya tashi, domin ƙa'idoji suna canzawa. Ya bi ta ƙofar hukuma. Ya sani da zarar ya tsallaka, dokar Nijar ce ke kansa. Mai ƙorafi a kan iyaka ya kai wa ɗan majalisarsa na tarayya, domin can ne maganar take.

Iyaye kuma su sani wannan fanni yana da gaba. Alhaji Yusuf Maitama Sule ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1981. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande ya shugabanci babban zaurenta daga 2019 zuwa 2020. Hajiya Amina Mohammed ta zama mataimakiyar Babban Sakatare a 2017. Duk da a, ba, ca suka fara. Yaro ko yarinya mai sha'awa ya dage da tarihi da labarin ƙasa da Turanci, in ya sami Faransanci ko Larabci ya ƙara.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Faɗi sharuɗɗa 4 da ke sa a kira wuri ƙasa. Wanne ne Jihar Katsina ba ta da shi?
2. Me ya sa Faransa ta ƙi gamsuwa da iyakar 1898?
3. Me ya sa shugabannin Afirka suka bar iyakoki yadda suka gada?
4. Mene ne bambancin wanda ya gudu Maraɗi da wanda ya gudu cikin garin Batsari?
5. Ɗalibai su tambayi wani dattijo a unguwarsu yadda rufe iyaka na 1984 ya shafi kasuwa, su rubuta amsarsa cikin layi 5 su kawo wa malami.